Allura Cikin Ruwa: Tarihin Neman Sinadaran Tace Sharar Nukiliya

Gabatarwa

A gefen kogin Kolombiya, cikin jihar Washington ta ƙasar Amurka, akwai wani makeken fili mai suna Hanford inda aka binne tankuna 177 a ƙarƙashin ƙasa. A cikinsu akwai fiye da lita miliyan 200 na ruwa da laka da daskararren gishiri, dukkansu suna fitar da tiririn nukiliya mai halaka ɗan Adam. Tun a 1944 aka fara zuba wannan shara. Mafi yawan waɗanda suka zuba ta sun riga mu gidan gaskiya, yau jikokinsu ne ke fama da yadda za a kwashe ta.

Abin mamaki shi ne, ainihin abin da ke sa sharar ta zama haɗari ɗan kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da yawanta. Saura ruwa ne da gishirin da ba su da wata illa ta tiriri. Da za a tsamo wannan ɗan kaɗan ɗin a ware shi, da matsalar ta ragu daga girman tafki zuwa girman randa. Masu iya magana na cewa allura cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka. Wannan muƙala za ta bi sawun yadda masana sinadarai suka shafe shekaru fiye da 80 suna neman hanyar ɗauko wannan allura, daga lokacin da suke dogaro da gwaji da sa'a, har zuwa lokacin da suka iya ƙera sinadarin da ya san allurar, ya nufe ta kai tsaye, ya bar komai. Irin wannan sinadari shi za mu kira mazaƙuli. Tarihinsa yana nuna basirar ɗan Adam, yana kuma nuna tsadar ɗage aikin yau zuwa gobe.

Asalin ɓarɓashin

A watan Disamban 1938, a birnin Berlin na Jamus, Otto Hahn da Fritz Strassmann suna harbin ƙarfen yuraniyom da ƙwayoyin niyutiron. Sun zaci sun samar da radiyom, sai suka yi ta ƙoƙarin raba shi da bariyom ɗin da suka cakuɗa shi da shi, amma ya ƙi rabuwa. Daga ƙarshe suka sallama cewa abin da ke hannunsu bariyom ne da kansa. Tsohuwar abokiyar aikinsu Lise Meitner, wadda ta tsere zuwa Suwidin daga mulkin Nazi, ita da ɗan 'yar'uwarta Otto Frisch suka fassara lamarin: ƙwayar zarrar yuraniyom ce ta tsage gida biyu. Ke nan, tun ranar farko, aikin tacewa da rarrabewa ne ya buɗe wa duniya ƙofar zamanin nukiliya.

Duk lokacin da ƙwayar yuraniyom ta tsage, takan bar ɓarɓashi biyu, kuma ba kullum iri ɗaya ba. Shi ya sa makamashin da ya gama aiki a tukunyar nukiliya ke fitowa ɗauke da sinadarai fiye da 30. A makamashin tashoshin lantarki na yau, kusan kashi 95 cikin 100 yuraniyom ne da bai ƙone ba, kimanin kashi 1 fulutoniyom ne, sauran kuma ɓarɓashin zarra ne da wasu ƙarafa masu nauyi.

Biyu daga cikin ɓarɓashin sun fi damun masana, wato siziyom-137 da sitirontiyom-90. A cikin kowace tsagewa 100, kowannensu yakan fito kamar sau shida. Ƙarfin tiririnsu yana raguwa da rabi a duk shekaru 30 ko kusa da haka, don haka sai an yi shekaru 300 kafin ya koma kashi ɗaya cikin dubu. A tsawon gomman shekarun farko, su ne ke haifar da mafi yawan zafi da tiririn sharar. Ga shi kuma jikin mutum ba ya bambanta su da abinci. Siziyom ya yi kama da fotashiyom, sai ya bazu cikin tsoka. Sitirontiyom ya yi kama da kalsiyom, sai ya zauna a ƙashi da haƙori. A 1987, a birnin Goiania na Barazil, masu tsintar tsofaffin ƙarafa suka fasa wata na'urar asibiti da aka yi watsi da ita, suka tarar da garin siziyom mai sheƙi wanda bai kai giram 100 ba. Mutum huɗu suka mutu, fiye da 200 suka gurɓata, aka binciki mutane sama da 100,000. To, a Hanford, lissafin ya wuce na giram.

Gaggawar yaƙi

Waɗanda suka fara aikin tacewa ba shara ce a gabansu ba, bam suke nema. A 1941 Glenn Seaborg da abokan aikinsa suka gano fulutoniyom a Jami'ar Kalifoniya. A watan Satumban 1942, a Chicago, aka auna shi a ma'auni karo na farko, nauyinsa bai kai kashi uku cikin miliyan na giram ba. Daga wannan ɗigo aka buƙaci a tsara masana'antar da za ta samar da kilo-kilo, a cikin shekaru biyu kacal.

Hanyar da aka zaɓa ita ce ta Stanley Thompson. Ana narkar da sandunan yuraniyom a asid, a zuba sinadarin bismut fosfet, ya kwanta a ƙasa kamar ƙullu ya tafi da fulutoniyom, a tsiyaye ruwan, a sake maimaitawa sau da dama. An gina dogayen gine-ginen kankare a Hanford, ana sarrafa komai daga nesa domin babu mahaluƙin da zai shiga ya fito da rai. A kowane tan na yuraniyom, fulutoniyom ɗin da ake samu bai kai rabin kilo ba. Shi ne ya tarwatsa birnin Nagasaki ranar 9 ga Agusta, 1945. Duk abin da ya rage, har da yuraniyom ɗin kansa mai tsada, tanki aka nufa da shi.

Bayan yaƙi sai aka koma ga wata tsohuwar dabara. Tun a ƙarni na 19 masana suka lura cewa gishirin yuraniyom yana barin ruwa ya koma cikin wani ruwan mai kama da mai da ake kira eta. Duk wanda ya taɓa ganin mai da ruwa a kwalba ɗaya ya san tushen wannan dabara: ko an girgiza su, sai sun rabu, mai a sama, ruwa a ƙasa. Idan aka narkar da mazaƙuli a cikin man, lokacin girgizar zai kama abin da yake so daga ruwan ya haura da shi. Sai a kwashe man, a wanke shi da wani ruwan daban domin ya saki abin da ya kama, a mayar da shi bakin aiki. Wannan ya fi tsohuwar hanya domin ana iya yin sa ba tsayawa, kamar ruwa a bututu.

Masana'antar farko ta wannan salo a Hanford, wadda ta fara aiki a 1952, ta yi amfani da wani mai da ake kira hekzon. Yana saurin kama wuta, kuma ba ya aiki sai an zuba gishirin alminiyom mai yawa, wanda shi ma a tanki yake ƙarewa. Magajinsa shi ne tsarin da aka sani da PUREX, wanda Herbert Anderson da Larned Asprey suka aza harsashinsa a Chicago a ƙarshen shekarun 1940. Mazaƙulinsa shi ne tirabutil fosfet, ko TBP a taƙaice, ana surka kimanin kashi 30 cikin 100 nasa da kananzir. A cikin asid mai ƙarfi, TBP yakan rungumi yuraniyom da fulutoniyom ya haura da su cikin kananzir, ya bar kusan dukkan ɓarɓashin zarra a ruwa. An fara aiki da shi a Savannah River a 1954, a Hanford kuma a 1956. Har gobe shi ake amfani da shi a masana'antar La Hague ta Faransa, wadda ke iya sarrafa tan 1,700 a shekara. Wani ɓangare na makamashin da ke isa can ya faro ne daga ramukan yuraniyom na Arlit da Akouta a Jamhuriyar Nijar, inda aka fara haƙa tun 1971.

PUREX nasara ce babba, sai dai tambaya ɗaya ya amsa: yaya za mu ɗauki abin da muke so? Tambaya ta biyu, wato me za mu yi da abin da muka bari, an ɗage ta zuwa wata rana.

Ranar biyan bashi

Wani hukunci da aka yanke cikin gaggawa shi ya dagula lamarin na shekaru masu yawa. Sharar tana fitowa ne da asid, asid kuwa yana cin ƙarfe. Ƙarfen da ba ya tsatsa ya yi ƙaranci lokacin yaƙi, don haka aka gina tankunan da ƙarfe na gama-gari, sannan aka riƙa zuba sodar wanki mai yawa domin kashe kaifin asid ɗin. Wannan ya ceci tankunan na ɗan lokaci, amma ya cika sharar da sodiyom. Sodiyom da siziyom 'yan gida ɗaya ne a jadawalin sinadarai, halinsu kusan ɗaya. A wasu tankuna, kowace ƙwayar siziyom tana ɓuya ne cikin ƙwayoyin sodiyom dubu gomomi. An jefa allura a ruwa, an kuma bi ta da buhunan ƙusoshi.

Tankuna 149 na farko bango ɗaya gare su, an kuma gina su ne don su yi 'yan shekaru. Ana kyautata zaton aƙalla 67 daga cikinsu sun yi yoyo. A 1973, tanki ɗaya kaɗai ya zubar da fiye da lita 400,000 cikin ƙasa kafin a farga.

A Tarayyar Sobiyet abin ya fi muni. A masana'antar Mayak da ke yankin tsaunukan Ural, an yi shekaru ana zuba shara kai tsaye a kogin Techa, wanda ƙauyuka ke sha daga gare shi. Ranar 29 ga Satumba, 1957, wani tanki da na'urar sanyaya shi ta lalace ya bushe, zafin ɓarɓashin ya hau, gishirin da ke ciki ya fashe kamar nakiya. Iska ta kwashi ƙurar ta shimfiɗa ta a kan ɗaruruwan kilomita, aka tashi mutane kimanin 10,000 daga gidajensu. Sitirontiyom-90 ne ya daɗe yana gurɓata gonakin. Gwamnatin Sobiyet ba ta amsa faruwar lamarin a hukumance ba sai a 1989.

Tsoron zafin tankuna ya sa Hanford ta ɗauki mataki. Daga 1968 zuwa 1985 aka yi ta cire siziyom da sitirontiyom daga shara mafi zafi, da sinadaran da ake da su a lokacin, aka ɗura su a cikin gwangwanayen ƙarfe. Gwangwanaye 1,936 da aka adana a ƙarƙashin ruwa sun ƙunshi kusan kashi ɗaya cikin uku na dukkan tiririn da ke filin. Wannan ya tabbatar da hujjar masu neman a tace: haɗarin tafki guda yana iya komawa cikin ɗaki ɗaya. Amma hanyoyin wancan zamani suna da wahala, suna kuma haifar da sabuwar shara. Ana buƙatar mazaƙulin da ya fi su ido.

Kambin Pedersen

Mafita ta ɓullo daga inda babu wanda ya zata. Charles Pedersen ma'aikacin kamfanin DuPont ne, an haife shi a Koriya a 1904, mahaifinsa ɗan Norway, mahaifiyarsa 'yar Japan, kuma bai taɓa yin digirin digirgir ba. A farkon shekarun 1960, yana neman wani sinadari daban, sai ya lura da ɗan farin abu kamar zaren auduga da ya fito bisa kuskure, wanda bai kai kashi ɗaya cikin 100 na abin da ya haɗa ba. Wani zai wanke kwalbar ya wuce. Shi ya tsaya ya bincika, ya gano cewa abin zobe ne na ƙwayoyin zarra 18, shida daga cikinsu oksijin, suna fuskantar rami a tsakiya. Ƙwayar ƙarfen da girmanta ya dace da ramin takan faɗa ciki ta zauna daram, ta kuma bi zoben zuwa cikin mai. Ya kira su eta masu kambi, domin sun yi masa kama da kambin sarauta a kan ƙwayar. Ya wallafa bincikensa a 1967, saura shekaru biyu ya yi ritaya.

Muhimmancin wannan aiki shi ne sauya tunani. Kafin Pedersen, masani yakan ɗauko kwalabe daga kanta ya gwada ɗaya bayan ɗaya ko Allah zai sa a dace. Bayansa, sai ya auna ƙwayar da yake nema ya ɗinka mata riga daidai jikinta. Jean-Marie Lehn a Faransa ya mayar da zoben keji mai rufe ƙwayar ta kowace fuska. Donald Cram a Amurka ya nuna cewa mazaƙulin da aka ƙera shi a buɗe, yana jiran baƙonsa, ya fi wanda sai ya lanƙwasa kafin ya kama. Su ukun suka raba kyautar Nobel ta 1987. A farkon shekarun 1990, Philip Horwitz da ayarinsa a cibiyar bincike ta Argonne suka gina tsarin cire sitirontiyom daga shara mai asid a kan irin wannan zobe.

Siziyom ya fi taurin kai. Ƙwayarsa babba ce, cajinta ɗaya tal, ba ta riƙe komai da ƙarfi, kuma mafi yawan abin da zai kama ta ya fi son sodiyom ko fotashiyom. A bayan labulen ƙarfe, masanan Cekoslobakiya a cibiyar Rez kusa da birnin Prague suka mayar da wannan rauni ya zama ƙofa. Tun da siziyom ba ya riƙe ruwa da ƙarfi, ya fi 'yan'uwansa sauƙin rabuwa da shi. A shekarun 1970 suka nuna cewa wani dunƙulen boron da kobalt, wanda Frederick Hawthorne ya fara haɗawa a Amurka a 1965, yana jan siziyom daga asid zuwa mai. Masanan Rasha suka raya dabarar, a 1996 aka fara aiki da ita a Mayak, wurin da tanki ya fashe shekaru 39 da suka gabata. Bayan yaƙin cacar baka, masanan cibiyar Khlopin ta birnin Saint Petersburg da na Idaho a Amurka suka haɗa kai a kan wannan sinadari, jikokin masu ƙera wa juna makamai suna share ɓarnar kakanninsu tare.

Ƙoƙon da ya san siziyom

Labarin Savannah River, a jihar Carolina ta Kudu, shi ya fi nuna bambancin sa'a da tsari. A can an gina tankuna 51. Shirin hukuma shi ne a narkar da shara mafi haɗari cikin gilashi, kuma masana'antar gilashin ta fara aiki a 1996, sauran ruwan gishirin kuma a cakuɗa shi da siminti. Amma ba za a iya sa shi a siminti ba sai an cire siziyom, ba za a iya kuma mayar da shi duka gilashi ba saboda yawa da tsada.

Dabarar farko ita ce a zuba wani sinadari a cikin tankin kansa domin siziyom ya kwanta. Da aka fara a 1995, sai sinadarin ya riƙa ruɓewa yana fitar da iskar benzin mai kama wuta, fiye da yadda aka yi hasashe, a saman tankin da ke cike da guba. A 1998 aka yi watsi da shirin, bayan an kashe kusan dala miliyan 500. An ga alamar benzin ɗin tun a gwajin farko na shekarun 1980, amma ba a tsaya an fahimci dalilinsa ba.

A daidai wannan lokaci, wani bincike yana nuna a Turai. Akwai wasu sinadarai masu siffar ƙoƙo, waɗanda David Gutsche ya raɗa wa suna kaliksarin saboda kamarsu da wata tukunyar Girkawan dā. Rocco Ungaro a Italiya, da David Reinhoudt a Holan, da Jean-François Dozol na hukumar nukiliyar Faransa, suka ɗaura zoben Pedersen a bakin wannan ƙoƙo. A tsakiyar shekarun 1990 suka nuna cewa idan aka daidaita siffar, ramin yakan yi wa siziyom daidai ya yi wa sodiyom yawa, har fifikon ya haura ninki dubu goma.

Sai dai kama siziyom a kwalbar gwaji somin taɓi ne. Mazaƙulin da zai shiga masana'anta sai ya cika sharuɗɗa da dama. Dole ya narke a man da ba ya saurin kama wuta. Dole ya saki abin da ya kama idan an wanke shi, domin mai riƙon da ba ya saki ba shi da amfani a karo na biyu. Dole ya jure tiriri da soda na watanni ba tare da ya ruɓe ba. Dole kuma mai da ruwa su rabu da sauri, kada su yi kumfa ko su haifi wani rukuni na uku a tsakani. Masana sun san illar sakaci da waɗannan sharuɗɗa: a watan Afrilun 1993, a masana'antar Tomsk ta Rasha, TBP da asid suka yi zafi a cikin tanki suka fashe.

Bruce Moyer da abokan aikinsa a cibiyar Oak Ridge suka ɗauki wannan nauyi. Suka yi wa ƙoƙon dogayen jela domin ya narke a mai irin na kananzir, suka ƙara wani sinadari mai taimaka masa, da wani mai sa shi ya saki siziyom cikin ruwa mai ɗan asid kaɗan. Ana cakuɗa mai da shara a cikin jerin na'urori masu juyawa da gudu, waɗanda ke haɗa su su raba su cikin daƙiƙoƙi, don kada man ya daɗe a gaban tiriri. Manufar ita ce a rage siziyom ninki 40,000, a tattara shi a ruwan da bai wuce kashi ɗaya cikin 15 na asali ba. A 2001 hukuma ta zaɓi wannan tsari, a 2008 ƙaramar masana'antar gwaji ta fara tace sharar gaske, a 2020 kuma babbar masana'antar ta karɓi sharar farko. Daga farin zaren Pedersen zuwa wannan rana, shekaru kusan 60 ne.

Abin da ya saura

Siziyom da sitirontiyom matsalar ƙarni uku ce. Akwai ta dubban shekaru. Bayan PUREX, sharar tana ɗauke da ƙarafa masu nauyi irin su amerisiyom da kuriyom. A ƙa'ida ana iya mayar da su tukunya ta musamman a tsaga su, amma sai an raba su da wani dangin ɓarɓashi da ake kira lantanaid, masu shanye niyutiron. Cajinsu ɗaya, girmansu kusan ɗaya, kamar a ce a rarrabe gero da maiwa bayan an zuba su a kwarya ɗaya. Masana sun gano ɗan bambanci: ƙarafan masu nauyi sun fi karkata ga naitirojin da sulfa, lantanaid kuwa ga oksijin. A kan wannan siririn bambanci Zhu Yongjun na Jami'ar Tsinghua a Sin ya yi nasara da wani sinadari mai sulfa a tsakiyar shekarun 1990, Zdenek Kolarik kuma a Karlsruhe ta Jamus ya fito da mai naitirojin a 1999.

Faransa ta ba wannan bincike ƙarfin doka. A watan Disamban 1991 majalisarta ta ware shekaru 15 domin nazarin makomar shara, har da rarrabe ta. Masananta suka ɗauki wata ƙa'ida da ta nuna an koyi darasi: a ƙera mazaƙuli da kabon da haidirojin da oksijin da naitirojin kaɗai, domin idan ya tsufa a ƙone shi ƙurmus, kada mai share shara ya zama shara.

Wajibi ne a faɗi iyakar wannan fasaha. Tacewa ba ta kashe tiriri, wuri kawai take sauya masa, lokaci ne kaɗai ke rage shi. Bayan bala'in Fukushima na 2011, na'urorin tace ruwa sun cire siziyom da sitirontiyom da wasu sinadarai da dama, amma sun gaza a kan tiritiyom, domin shi ɓangaren ruwan ne kansa. A watan Agustan 2023 Japan ta fara surka ruwan tana sakinsa a teku, maƙwabta na ƙorafi. Sannan ilimin da ke raba guba da shara shi ne ke raba fulutoniyom da makamashi. Bayan Indiya ta gwada bam a 1974, Shugaba Jimmy Carter ya dakatar da sake sarrafa makamashin tashoshin lantarki a Amurka a 1977. Finland kuwa ta zaɓi kada ta tace komai, ta haƙa rami mai zurfin fiye da mita 400 a cikin dutse domin binne makamashin yadda yake. Wannan muhawara ba ta ƙare ba, kuma kowane ɓangare yana da hujja.

Kammalawa

Idan aka dubi wannan tarihi daga farko zuwa ƙarshe, za a ga mizanin da bai daidaita ba. Shekaru huɗu suka isa a tashi daga gano fulutoniyom zuwa tarwatsa birni da shi. Shekaru 76 aka yi daga zuba sharar farko a tanki zuwa buɗe babbar masana'antar da ke tsamo siziyom da mazaƙulin da aka ƙera dominsa. Basirar masana ɗaya ce a lokutan biyu. Bambancin yana ga abin da hukumomi suka ɗauka da gaggawa da abin da suka ce ya jira. Sodar da aka zuba domin tsimin ƙarfe a 1944 ita ce ta tilasta wa jikoki neman ƙwaya ɗaya a cikin dubu gomomi.

Darasin bai tsaya a Amurka da Rasha ba. A Zariya akwai ƙaramar tukunyar bincike a Jami'ar Ahmadu Bello tun 2004, wadda a 2018 aka sauya mata makamashi aka mayar da tsohon zuwa ƙasar Sin. Ƙasashen Afirka da dama suna maganar gina tashoshin lantarki na nukiliya, kuma suna da haƙƙin yin hakan. Abin da tarihin Hanford da Mayak ke cewa shi ne, tambayar shara a fara yin ta kafin a aza tubalin farko: wa zai karɓe ta, a ina za ta zauna, da kuɗin wa, kuma su wane ne masana sinadaranmu da za su san abin da ke cikinta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Masana sun nuna cewa ana iya ɗauko allura daga ruwa ba da rabo kaɗai ba, amma sun biya shekaru da dukiya mai yawa kafin su kai ga haka, kuma har yau yawancin tankunan Hanford suna nan a ƙarƙashin ƙasa, kilomita kaɗan daga kogi, suna jiran layinsu.